Watandar Injiniya Yahuza

A duk faɗin Gwaram babu wanda ya naɗa Yahuza injiniya. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya kwance injin ban-ruwan maƙwabcinsa Ɗanbala ya mayar, ƙusoshi suka yi saura cike da hula, injin kuwa bai ƙara ko tari ba har yau. Noman riɗi yake yi kamar kowa, amma in ka same shi a majalisa yana zuba bayani sai ka rantse shi ya jawo wa garin wayar lantarki. Abu ɗaya ne ke damunsa a duniya, kada ya mutu a manta da sunansa.

Ana saura 'yan kwanaki sallar azumi ya hau mota zuwa Birnin Kudu, don a buga masa hotonsa a ƙyalle da rubutu a ƙasa: Injiniya Yahuza na yi wa al'umma barka da salla. Al'ummar dai ba ta aike shi ba. Mai shagon kwamfutar, wani dogo mai tabarau da ake kira Aminullahi, ya ce ya ɗan zauna tukuna, yana gyara algoridim ɗin wata manhaja da yake rubutawa.

"Gyara me?" in ji Yahuza.

"Algoridim, Malam."

"Injiniya."

"Algoridim, Injiniya. Tsarin aiki ne daki-daki. Yi kaza, sannan kaza, in kaza ya faru ka koma kaza. Ita kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da ka jera mata shi take bi, ba ta tunani, ba ta musu."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Aminullahi mutum ne mai son bayani, don haka bai ji haushi ba. Ya ce, "Ka san ma kalmar asalinta ba Turanci ba ce? Wani masanin lissafi ne Musulmi, ya zauna a Bagadaza fiye da shekara dubu da ta wuce. Danginsa daga wata ƙasa suke da ake kira Khwarizm, sai ake masa laƙabi da ita, kamar a ce maka Na-Gwaram. Ya rubuta yadda ake lissafi mataki bayan mataki. Da Turawa suka juya rubutunsa zuwa Latin, harshensu ya kasa ɗaukar laƙabin, suka yi ta murɗa shi, yau a cinye wannan harafi gobe a liƙa wancan, har ya zama algoridim. Yanzu duk inda ake koyar da kwamfuta a duniya laƙabin bawan Allahn nan ake kira, ko an sani ko ba a sani ba."

Yahuza ya matso kusa da shi. Ya gyara zama.

"Ba rijiya ya haƙa ba?"

"Wannan ban sani ba."

"Ba yaƙi ya ci ba? Tsari kawai ya jera, sunansa ya zama kalma?"

"Kusan haka ne."

Yahuza ya dubi ƙyallen hotonsa da ke fitowa daga na'ura, duk sai ya ga ya raina shi. Ƙyalle rana za ta koɗar, akuya ta tauna. Amma kalma fa? Wa ya taɓa ganin akuya ta tauna kalma? Kafin motarsu ta isa Gwaram ya riga ya ga jikokin Turawa a makaranta ana zane su don sun kasa rubuta Yahuza daidai.

Yana shiga gida ya ce wa matarsa, "Kubra, ki shirya. Sunana zai shiga bakin duniya."

Kubra na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Bara ma ya shiga, da ka ce za ka yi wa kajin unguwa allura."

"Wancan cuta ce ta riga ni."

"To, Allah Ya sa wannan karon ka riga ta."

Abin da ya rage shi ne inda zai gwada tsarin, kuma bai yi wahalar nema ba. Kowace shekara gida goma sha ɗaya na unguwar suna yin watanda: su haɗa hannu su sayi sa, a yanka ranar jajibiri, a kasa naman tsibi-tsibi, kowane gida ya ɗauki ɗaya. Bappa, dattijon da ya saba kasawa, bana ɗansa ya biya masa Umra. Kuma gaskiya ko da Bappan na nan ba a taɓa rabuwa babu guna-guni ba. Ɗanbala har yanzu yana ba da labarin tsibinsa na bara, wai ƙashi ne da jijiya, kare ma ya sunsuna ya ba shi haƙuri.

A nan Yahuza ya kama su. Ya ce, "Zamanin rabo da ido ya wuce. A tsarina kowace tsoka sai kowa ya ci daga cikinta. Hanta, kowa. Tozo, kowa. Wutsiya ma kowa."

Inna Ummussalma, tsohuwar da ke riƙe da gidan marigayi mijinta, kuma duk unguwar babu mai kaifin harshenta, ta ce, "Kai Yahuza, wane ne ya koya maka wannan?"

"Inna, daga Bagadaza ilimin ya fito."

Da aka ji Bagadaza kowa ya gyaɗa kai. Mai azumi ba ya son doguwar gardama, sai aka ce a gwada.

Ranar jajibiri da hantsi aka kayar da sa a gindin tsamiyar bayan masallaci. Yunusa mahauci ya feɗe, ya ware kai da ƙafafu da fata, waɗanda nasa ne bisa al'ada, ya tara sauran a kan shimfiɗaɗɗun buhuna. Sai ga Yahuza cikin shaddar sallarsa tun kafin salla, da sabuwar hula mai aikin hannu. Ya ɗaure ƙyallen hotonsa a jikin tsamiya, ya roƙi ladan ya ara masa makirfon ɗin masallaci, duk da mutanen da zai yi wa jawabi a gabansa suke tsugune.

"Jama'a, yau za ku ga Tsarin Yahuza. Ku riƙe sunan da kyau, za a tambaye ku. Kowace tsoka a raba ta biyu, rabi dama rabi hagu. A ƙirga tsibi. In bai kai yawan masu jira ba, a sake raba kowace tsoka biyu. In ya wuce, a haɗe tsibi bibbiyu. Ba a ajiye wuƙa sai tsibi ya yi daidai da mutane." Ya juya ga mahauci. "Kai kuma Yunusa, yau kai ne kwamfuta. Ba tunani, ba musu."

Yunusa shekararsa talatin da wuƙa a hannu, ba a taɓa ce masa kada ya yi tunani ba. Ya kalli Yahuza sama da ƙasa.

"Ni ne ba tunani?"

"Ba raini ba ne, haka ilimin yake. Kuma don kada ka sa son ranka, sai ka rantse ba za ka ajiye wuƙar nan ba sai tsibi ya yi daidai da mutane."

"Ka tabbata kana so in rantse?"

"Da Allah za ka rantse."

Yunusa ya ɗaga wuƙa sama ya rantse, jama'a suka shaida. Ya tsuguna ya kama aiki, fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci.

Da farko abin gwanin sha'awa. Tsibi ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu, huɗu ya zama takwas. Yahuza na zagaye da hannu a baya, yana bayani a makirfo kamar mai sharhin ƙwallo. Takwas bai kai sha ɗaya ba, aka sake rabawa, ya zama sha shida.

"Ya wuce," in ji Ɗanbala.

"Tsari ya san da haka. A haɗe bibbiyu!"

Yunusa ya haɗe, ya ƙirga. "Takwas."

"Bai kai ba. A raba!"

Wuƙa ta hau kan kowace tsoka. "Sha shida."

"A haɗe!"

"Takwas."

Ɗanbala ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Injiniya, ni ban je Bagadaza ba, amma wannan takwas ɗin kamar na taɓa ganinta."

"Waccan daban, wannan daban. Tsari yana matsowa ne a hankali."

"Ta ina yake matsowa?"

"Ta ciki. Zauna."

Ya zauna. Rana ta take. Tsokar da ta fara kamar dunƙulen hannu ta koma kamar goro, daga goro ta koma kamar gyaɗa. Ƙudaje suka aika wa 'yan'uwansu na unguwannin nesa. Shirwa biyu suka fara shawagi a sama. Yunusa kuwa yankan kawai yake yi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bakinsa na faɗin takwas da sha shida kamar mai lazimi.

Bayan azahar Yahuza ya daure ya gyara hula. Ya ce, "Na gano matsalar. Ba daga tsari take ba, daga ku take. Kun yi yawa. Gida uku su haƙura sai baɗi, takwas su ɗauka."

Inna Ummussalma ta dogara sandarta ta miƙe. "Madalla. Fara da gidanku. Sauran biyun kuma nuna su da yatsa, ina so in ga yatsan."

Yahuza ya mayar da hannunsa aljihu. "To, ba ku yi yawa ba, kaɗan kuka yi. Da ku sha shida ne da tuni kowa na gida." Ya manta makirfo na bakinsa, ya ɗaga murya: "Ana neman mutum biyar su zo su karɓi nama! Mutum biyar kacal!"

Lasifikar masallacin nan har bakin titi ake jin ta, ranar kuma jajibiri ce, hanya cike da masu dawowa daga cefane. Ba wanda ya ji kalmar biyar. Nama aka ji. Kafin Ɗanbala ya fizge makirfon, 'yan acaɓa sun fara sauke mutanen Dingaya, kowa da robarsa. Wata akori-kura da ta nufi Zandam ta yi kwana a tsakiyar titi ta dawo. Wani tsoho ya zo da bokiti, ya ce shi ba don kansa ba, don maƙwabta.

"Ku koma! Biyar aka ce!" Yahuza na ta kora da hannu biyu.

"To ai ni ina cikin biyar ɗin," in ji kowa.

Yunusa ya ɗaga kai ya ƙirga masu riƙe da kwano, ya ga sun haura ashirin. Sai ya raba sha shida ta zama talatin da biyu.

"Yunusa, don Allah dakata!" in ji Ɗanbala. "Naman ya zama gari!"

"Kwamfuta ba ta ji."

"Yunusa, ni ne fa, tare muka yi makarantar allo."

"Kwamfuta ba ta da aboki."

A nan ne ɗaya daga cikin shirwan ta gaji da jiran tsari. Ta sauko kamar an jefo ta, ta wafci abin da ta wafta, a hanyar tashi fiffikenta ya doki hular Yahuza. Hula ta yi tsalle ta faɗa tsakiyar nama. Yahuza ya kai hannu, wuƙa ta riga shi. Sabuwar hula, ko sau ɗaya ba ta je idi ba, ta rabu biyu, rabi dama rabi hagu.

"Hulata!"

"Duk abin da ke kan buhun nan tsari ya ce a raba shi biyu," in ji Yunusa. "In kana so ka sa hannu, bismilla."

Yahuza ya ja da baya, kai ba hula, sanƙo na sheƙi. Ya zagaya bayan tsamiya ya kira Aminullahi a waya, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce wani abokinsa ne ya shiga matsala, ya jero masa tsarin. Aminullahi ya yi dariya har wayar ta faɗi, aka ji yana laluben ta.

"Injiniya, ka gaya wa abokin naka ninkin biyu ba ya taɓa sauka a kan sha ɗaya, ko za a yi ta yi har tashin ƙiyama. Ya rubuta tsarin da ba shi da ƙofar fita."

"To in na'ura ta shiga irin wannan, yaya kuke yi?"

"Wuta muke zare mata."

Yahuza ya leƙo ya dubi na'urarsa: ƙato ne mai azumi, ido ja, da wuƙa a hannu, yana raba rubu'in hula. Bai ga inda ake zare wutar ba, kuma bai ga mai zarewa ba.

Da la'asar liman ya fito ya tarar da bayan masallacinsa ya zama kasuwa. Mutum goma suka ba shi labari a lokaci guda. Ya saurara, ya dubi abin da ke kan buhuna, ya yi salati.

"Wannan fa?"

"Sa ne, Malam," in ji Ɗanbala. "Da safe."

Liman ya ce, "Yunusa, ajiye wuƙar nan."

"Allah gafarta Malam, na rantse."

"Sai ka yi kaffara."

"Malam, wata guda nake azumi. Gobe salla. Wallahi ba zan ƙara ko rabin yini ba saboda Yahuza."

"Daina rantsuwar haka nan, ta ɗazu ma ba mu fita ba. Kuma wa ya ce sai azumi? Ciyar da mabuƙata goma shi ne a gaba."

"Da me zan ciyar da su? Ni ban da kai da ƙafafu da fata, ko sisi ban gani ba."

Liman ya juya a hankali ya dubi Yahuza. Ɗanbala ya dube shi. Inna Ummussalma ta dube shi. Mutanen Dingaya da na Zandam, waɗanda ba su san shi ba, su ma suka dube shi, don ga hotonsa nan a jikin tsamiya yana yi musu barka da salla.

"Jama'a," in ji Yahuza, "ilimi fa sai da gwaji."

"Ka gwada," in ji Inna Ummussalma. "Yanzu sai ka ciyar."

Haka aka yanke. Rabon gidan Yahuza ya koma hannun Yunusa, aka haɗa da gero daga rumbun Yahuza, aka zaɓi goma daga cikin baƙin da ya kira da bakinsa aka sallame su. Tsohon nan mai bokiti shi ne na farko a layi. Yunusa ya ajiye wuƙa, ya miƙe, bayansa ya yi ƙara, ya ce, "Alhamdu lillahi, na dawo mutum."

Sauran naman kuwa ba ya kasuwa tsibi-tsibi, sai dai a ɗiba. Inna Ummussalma ta aika gida aka kawo mata ludayi, ta riƙa zuba wa kowa kamar mai sayar da koko, tana yi tana tsine wa Bagadaza, liman na cewa Inna ba ruwan Bagadaza. An cika alkawari dai, kowa ya samu hanta, kowa ya samu tozo, kowa ya samu wutsiya, har da zaren hula. Washegari duk gidan da ka shiga yawon salla miya na ƙamshin nama, amma ko za ka nutsa hannu har wuyan hannu ba abin da za ka kamo. Baƙo ya tambayi Ɗanbala ko bana ba su yi watanda ba, ya ce, "Yana ciki, sai dai ka yi imani."

Yahuza ya shiga gida ana kiran magariba, da kwano wayam. Kubra ta leƙa kwanon, ta leƙa kansa.

"Ina naman?"

"Ya tafi kaffara."

"Hular fa?"

"Tana gidaje goma."

Ta miƙa masa kunu ya sha ruwa. Ranar salla miyar kuka suka ci, da daddawa kaɗai a ciki, kuma Kubra ta tabbatar duk wadda ta shigo gaisuwa ta ji dalili.

Ba a yi mako ba tela ya ɓata wa Ɗanbala yadi, Ɗanbala ya tsaya a bakin shago yana ihu, "Ka yahuzanta mini shadda!" Kasuwa ta kwashe da dariya, kalma ta kama. Wanzami ya zarce da aska, ya yahuzanta kai. Mai gyaran babur ya kwance ya kasa mayarwa, ya yahuzanta. 'Yan acaɓa suka kai ta Fagam, direbobi suka wuce da ita gaba. Yahuza ya daina zama a majalisa, in ya ji an fara ta daga nesa sai ya canza hanya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan girbi ya kai riɗi Birnin Kudu. A hanyar dawowa yana zaune a bayan mota a tasha, direba na faɗa da yaron da ke ɗaure kaya: ya ɗaure ya kwance, ya ɗaure ya kwance.

"Kai, kada ka huzanta mini kaya!" in ji direba.

Yahuza ya kasa kunne. Ba yahuzanta ba ma, huzanta. An fara cinye masa haruffa, daidai yadda aka yi wa na Bagadaza. Wata mata a gaba ta tambayi wani matashi mai rataye da jakar kwamfuta, wai ita wannan kalma da ake yayi daga ina ta fito.

Matashin ya gyara murya. "Hajiya, ai Turanci ce. Kalmar kwamfuta ce, in aiki ya riƙa zagaye ba ya ƙarewa. Mu muka ara."

Wata biyar Yahuza na gudun kalmar nan. Amma a ce wai ta Turawa ce? Su da ba su yi asarar ko hula ba? Ya miƙe zumbur, kansa ya daki rufin mota.

"Ƙarya ne! Tawa ce! Ni ne Yahuza, daga Gwaram! Ni na yi ta, a bayan masallaci, da sa guda, akwai shaidu!"

Matashin ya dube shi da tausayi, Hajiya ta matsar da jakarta. Direba ya leƙo ta madubi.

"Baba, kowa ma haka yake cewa. Don Allah zauna, kada ka huzanta mana tafiya."